In allurar baya ba ta kama ba, ki faɗa kafin a ɗora wuƙa

Aikina a ɗakin fiɗa nan Tahoua shi ne yi wa mata allurar baya, wadda muke kira rashi, mai kashe jin zafi daga ƙirji zuwa ƙasa, kafin a ciro jariri. Yawanci tana kamawa sarai. Jefi-jefi takan ƙi ko ta kama rabi, kuma ke mai jikin ke za ki riga mu sani.

Abin tun daga zama yake farawa. Ki zauna bakin gado, ki sunkuyar da kai, ki turo bayanki waje, kada ki motsa. Maganin, bupivacaine, bai wuce rabin ƙaramin cokali ba, kuma dole ya shiga cikin ruwan da ke kewaye da laka. Motsi kaɗan kan gusar da bakin allura, sai wani sashen maganin ya zube a waje. Ƙiba da karkatar ƙashin baya ma suna ba mu wuya.

Cikin minti 5 zuwa 10 ƙafafunki za su yi ɗumi, su yi nauyi, ki kasa ɗaga su. Sai in goga auduga mai sanyi daga cinya zuwa ƙirji ina tambayarki. Muna so sanyin ya ɓace har daidai nonuwa. Likita ma zai mintsini fatar cikin kafin ya yanka.

Nan ne matanmu ke ba ni tsoro. An hore su da dauriya, musamman mai haihuwar fari, sai ka tambaye ta ta ce "ba komai" alhali ta damƙe gefen gado, gumi na tsattsafo mata a goshi. Ƴar'uwa, wannan kunyar ki bar ta gida. Jin ana danna ciki ana ja, wannan daidai ne. Zafi mai kaifi ko zogi kuwa, ki ce "ina jin zafi" da ƙarfi.

In ba a yanka ba kuma jariri bai matsu ba, mukan jira minti 15 zuwa 20, sannan a sake allurar. In an riga an fara, sai a dakata a sa maganin kashe zafi, ketamine, ta jijiya, ko a sa ki barci gaba ɗaya da bututun numfashi. Shi ya sa in an ba ki rana muke hana abinci awa 6 kafin aiki, har fura da kunu, don kada amai ya gangara huhu.

In allurar ta taɓa ƙin kama ki a wata haihuwa, ki gaya mana tun wajen awo.