Kafin ka tayar da injin da ya daɗe a ajiye

'Yan uwa masu sha'awar hot rod, wato tsohuwar motar Amurka da ake tuɓe wa kayan nauyi a ɗora mata inji mai ƙarfi: in ka samu inji mai silinda takwas irin V8 ɗin da Ford ta fara fitarwa a 1932, ko ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito a 1955, don Allah kar ka yi saurin haɗa batir ka murɗa makulli.

Kwance fulogi duka takwas. Zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu ya jiƙa zoben fistin. Sannan ka sa doguwar sifana a babban notin gaban inji, ka juya da hannu a hankali. In ya cije, tsaya. Ƙara mai, ƙara haƙuri. Tilasta masa shi ke karya zobe ko kankare silinda. Tsohon fetur kuwa zubar da shi, ya riga ya zama danƙo a kafireta.

Ni dai a ganina birki ya fi inji gaggawa. Motocin Ford na kafin 1939 birkinsu na sanda ne ko na waya, ba na mai ba, kuma ba zai tsai da sabon ƙarfin ba. Canza shi tun farko.

Ɗauki hoton kowace waya kafin ka cire ta. Ranar da injin ya yi tari ya kama da aikin hannunka, maƙwabta ma sai sun leƙo.