Kafin ka janye igiyar farko: yadda ake fara shiga kwazazzabo

Akwai wata ƙara da har yau nake jin ta a ƙirjina: ƙarar igiya idan an janye ta daga sama ta sulluɓo ta faɗo tim a gaban mutum. Ranar da na fara jin ta, ina tsaye a gindin wani bangon dutse mai tsayin mita 12, ruwa iya gwiwata, haƙorana na kaɗawa. Malamin da ya kai mu yana naɗe igiyar ya dube mu ya ce, "To, ƙofar baya ta rufu." Sai a lokacin na gane irin wasan da na shiga. Mai hawan dutse idan abin ya fi ƙarfinsa yana iya saukowa ya koma gida. Wanda ya sauka cikin kwazazzabo ya janye igiyarsa kuwa, hanya ɗaya ta rage masa, ita ce gaba, ko me ke gaban.

Wasan shi ne bin kwazazzabon da ruwa ya sassaƙa a cikin dutse tun daga sama har ƙasa. Wani wuri a taka, wani wuri a yi iyo, wani wuri a matse jiki tsakanin bango biyu, inda aka tarar da gangara mai tsayi kuma a sauka da igiya. A Turai ana ce masa kanyonin, Sifaniyawa na cewa barankismo, a Afirka ta Kudu kuma klufin. Tsaunukan Guara na Sifaniya da hamadar jihar Yuta ta Amurka su ne wuraren da sunansu ya fi fita, kuma ɗabi'arsu daban take. Kwazazzaban Turai yawanci ruwa ke gudu a cikinsu, na Yuta kuma da yawa busassu ne ko masu kwantaccen ruwa mai sanyin ƙanƙara. Ka san wanne kake nufa tun kafin ka sayi ko da usur, don kayan aikin da dabarun sun bambanta.

Shawarata ta farko ba ta da daɗin ji ga mai zumuɗi: kada ka sayi komai tukuna. Nemi ƙwararren jagora mai takardar shaida ya kai ka sau ɗaya, da kayan haya. Rana guda ta isa ka gane ko jikinka na son matsatsin wuri da ruwan sanyi. Na ga ƙato majiyi ƙarfi wanda tsayi ba ya ba shi tsoro ko kaɗan, amma da bango biyu suka matso har kafaɗunsa na gogar su, sai ya kasa ɗaga ƙafa. Idan ka fito kana marmarin komawa, sai ka shiga kwas na kwana biyu ko uku, inda za a koya maka ɗaura igiya da sauka da ceton kanka. Bidiyon intanet yana da amfani wajen tuna abin da aka riga aka koya maka hannu da hannu. Ba ya ganin kuskurenka, balle ya gyara.

Kafin kwas ɗin ka tabbata ka iya iyo, ba irin na fantsama a bakin ruwa ba. Ka iya yin mita 50 da takalmi a ƙafa da jaka a gabanka.

Sauka da igiya kuma a fara koyonta a inda kuskure ba ya kisa: ƙaramin tudu mai mita uku ko huɗu, da wani a ƙasa riƙe da jelar igiyar. Idan hannunka ya suɓuce, shi ya ja igiyar da ƙarfi, sai ka tsaya cak a inda kake. Ƙafafu a ware, jiki a jingine baya kamar mai zama a kujera, hannun birki kuma, wato wanda ke riƙe da igiyar a ƙasan ƙarfen sauka (ƙarfen da igiyar ke ratsawa don rage gudun saukarka), ba ya sakinta ko da zuma ce ta harbe ka. Wurin da ya fi wuya shi ne leɓen gangarar, taku biyun farko, inda jiki ke cewa ka rungumi dutse alhali daidai shi ne ka nisance shi. Ni sai da na maimaita wannan kusan sau ashirin kafin gwiwoyina su daina karkarwa. A nan kuma za ka koyi ƙulle kanka a tsakiyar igiya don ka sami hannu biyu, da hawa igiyar idan ta kama. Dogon gashi, gemu, igiyar hula da bakin riga duk a tattare su, don ƙarfen sauka yana haɗiye abin da ya samu.

In ka tashi sayen kaya, fara da hular kwano irin ta masu hawan dutse, sai ɗamarar ƙugu mai ƙarin leda a mazaunai saboda gogar dutse, sai ƙarfen sauka wanda ake iya ƙara masa birki ana tsakiyar sauka, da karabina, wato zoben ƙarfe mai ƙofa da ake maƙala igiya da shi, masu makulli guda uku ko huɗu. Takalmi mai tafin roba da ke kama jiƙaƙƙen dutse ya fi komai rage faɗuwa, kuma yawancin raunin da na gani da idona targaɗen idon sawu ne a wurin da ba a ma ɗaura igiya ba. Jaka ta zama mai huji a gindi don ruwa ya zube. Usur, ƙaramar wuƙa a inda hannu zai kai, tocilan ta goshi ko da kana tsammanin fitowa da rana tsaka. Igiya kuwa ba irin ta masu hawan dutse ba ce. Tasu tana miƙewa kamar roba don ta tare mai faɗowa, kuma tana shan ruwa ta yi nauyi. Taka marar miƙewa ce, mai kaurin milimita 8 zuwa 9, kuma sabon shiga ya tsaya a 9, don siririya tana gudu a hannu. Tsawonta ya ninka gangara mafi tsayi a kwazazzabon sau biyu, tunda sai ka janyo ta daga ƙasa, kuma ayari ya riƙe wata ta ajiya. Amma fa igiya ce ta ƙarshe a jerin sayayyarka. A shekarar farko da ta mutane za ka yi aiki.

Rigar roba mai riƙe ɗumi, wadda ake yi da niyofirin, ita ce abin da na raina na kuma sha wuya. Rana ce mai zafi, na ga ba dalilin ɗaukar riga mai kaurin milimita 5, na sa 'yar siririya. Abin da ban lissafa ba shi ne, a gindin kwazazzabo mai zurfi rana ba ta sauka sai na 'yan mintoci, kuma ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Bayan iyo na huɗu yatsuna suka ƙi buɗe makullin karabina. Ina kallon hannuna kamar na wani. Abokin tafiyata ne ya ɗaura ni, ya duba, ya sake dubawa. Sanyi yana fara cin hankali kafin ya kayar da jiki: mutum ya yi shiru, ya riƙa tuntuɓe, magana ta riƙa sarƙe masa. In ka ga haka a jikin wani, ku tsaya a fitar da shi daga ruwa a ɗumama shi, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau.

Yanzu ga abin da ya fi cin rayuka a wannan wasa, wato ambaliya. Kwazazzabo magudana ce. Duk ruwan da ya sauka a faɗin ƙasar da ke samansa, ta wannan siririyar hanyar zai bi, kuma dutse ba ya shan ruwa. Mita ɗaya ta ruwa a tsawo da faɗi da zurfi tan guda ce, ga itatuwa da duwatsu da take turowa. A ranar 12 ga Agusta 1997 mutum 11 suka mutu a kwazazzabon Antelof da ke jihar Arizona, alhali a inda suke kusan ba a yi ruwa ba. Hadarin can nesa ya zuba. A Yulin 1999 ambaliya ta kashe mutum 21 a Saksetenbak ta ƙasar Suwizalan, kuma suna tare da jagorori, har uku daga cikin mamatan jagorori ne. A Satumban 2015 mutum bakwai suka rasu a Kihol da ke gandun Zayon na jihar Yuta, gajeren kwazazzabo da ake kai sababbin shiga. A Agustan 2018 kuma mutum 10 a Raganello ta Italiya. Ban jero waɗannan don in tsorata ka ba. Ina so ka lura cewa gajartar wuri, ko sauƙinsa, ko kasancewar jagora, babu wanda ya hana ruwa zuwa.

Don haka hasashen yanayin da za ka duba na dukan yankin da ruwansa ke malalowa cikin kwazazzabon ne, wanda sai ka buɗe taswira za ka san iyakarsa. Ka duba da daddare, ka sake dubawa da safe, ka kuma ɗaga kai ka kalli sama kafin igiyar farko. Ƙa'idata ita ce, in an ambaci yiwuwar hadari mai tsawa a yankin, na fasa, ko nawa na kashe a hanya. Na taɓa juyawa daga bakin kwazazzabo bayan tuƙin awa biyar, kuma ranar ko ɗigo bai sauka ba. Abokaina sun yi mini dariya har muka isa masauki. Ko gobe aka maimaita, juyawa zan yi. In kuwa kana ciki ka ga ruwa ya fara yin ja ko ya ɗauko ganyaye da ƙirare, ko ya ɗan ƙaru, ko ka ji ruri daga sama kamar na babbar mota, to ka hau duk wani tudu da ke kusa nan take, ka bar jakar in ta hana ka. Ba a tsere wa ambaliya ta hanyar gudu a gabanta.

Wajen zaɓen kwazazzabo, koyi karanta alamar wahalarsa. A tsarin Amurka za ka ga abu kamar 3A II. Lambar farko daga 1 zuwa 4 ce: 1 tafiya ce kawai, 2 akwai ɗan hawa da sauka da hannu, 3 akwai sauka da igiya, 4 sai gwanaye. Harafin na ruwa ne: A busasshe ko kusan haka, B kwantaccen ruwa, C ruwa mai gudu. Lambar Rumawa ta ƙarshe tsawon lokaci ce, daga I na 'yan awoyi zuwa VI na kwanaki. In ka ga an ƙara R ko X, akwai haɗari na musamman, ka wuce. A Turai kuma harafin v ne ke nuna wahalar igiya, harafin a kuma ta ruwa, kowace daga 1 zuwa 7. Sabon shiga ya zauna a 2A, 3A da 3B masu I ko II har sai hannunsa ya faɗa. Wasu wuraren, irin su Zayon, sai da takardar izini ake shiga, ka bincika tun da wuri.

Harafin C ɗin nan wata makaranta ce daban, don dabarun da ke ceton rai a busasshen wuri su ne ke kisa a ƙarƙashin ruwa mai zuba. A busasshen kwazazzabo ana ƙulla jelar igiya don kada mutum ya zarce ta, ana kuma ɗaura ɗan zaren birki na ko-ta-kwana. A cikin ruwa mai ƙarfi, wannan ƙullin ko zaren shi zai riƙe ka a inda ruwa ke dukan kanka ba ka iya numfashi. Shi ya sa a can ake saita igiya ta ƙare daidai saman ruwa, ba ƙulli, a kuma ɗaura ta a sama yadda za a iya sassauto mutum in ya maƙale. Kada ka shiga irin wannan da ilimin busasshen wuri. Haka tsalle: ba a faɗa wa ruwan da wani bai sauka da igiya ya auna zurfinsa ba a wannan ranar, domin ambaliyar makon jiya tana iya ajiye dutse a inda ake tsalle shekara da shekaru.

Kada ku gaza mutum uku, huɗu ya fi: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su nemo taimako. Waya ba ta samun sabis a gindin dutse. Ka bar wa wani a gida sunan kwazazzabon, inda za ku ajiye mota, da lokacin da in bai ji ku ba zai kira masu ceto. Aron Ralston bai gaya wa kowa inda za shi ba a Afrilun 2003, dutse ya danne masa hannu a kwazazzabon Bulujon na Yuta, ya kwana biyar a wurin, daga ƙarshe da kansa ya yanke hannun ya fita. Ku kuma daidaita busar usur tun a mota, don ƙarar ruwa tana cinye murya. A ayarinmu busa ɗaya tsaya, biyu na sauka lafiya, uku a ƙaro igiya. Wasu ayarin nasu daban ne, shi ya sa ake tambaya.

A kowace gangara, kafin kowa ya jingina da igiya, a duba abin da aka ɗaura ta a jiki. Ƙusar da aka kafa a dutse tana motsi? Ta yi tsatsa? Ɗamarar da wasu suka bari a jikin itace ko dutse ta ƙeƙashe ko ta koɗe saboda rana? In kana shakka, yanke ta ka sa sabuwa, tsohuwar kuma ka jefa a jakarka. Sannan wani ya duba ka daga hula zuwa makulli, kai ma ka duba shi, ko ya girme ka a wasan da shekara goma. In an ninka igiya biyu an tokare ta a sama don a sauka a kan ɓari ɗaya, ɗayan ɓarin na janyewa ne kawai, wanda ya ɗaura kansa a jikinsa zai faɗo ne kai tsaye. Ka faɗa da baki wane ɓari ne naka, wani ya amsa.

Kafin na ƙarshe ya sauko, waɗanda ke ƙasa su gwada jan igiyar kaɗan a ga tana tafiya. Shi kuma ya warware murɗewar da ke tsakanin ɓari biyun, ya lura kada ta faɗa cikin tsagar dutse a leɓen gangarar. Mun taɓa tsallake wannan gwajin saboda gaggawa, igiya ta maƙale a sama, ga sauran gangara uku a gabanmu. Ta ajiyar da ɗayanmu ya yi ta ƙorafin nauyinta tun safe ce ta fitar da mu, muka iso mota ƙarfe tara na dare da tocila biyu tsakanin mutum huɗu. Washegari muka sake zagayowa ta sama muka ciro wadda ta maƙale.