Yadda Ake Rubuta Labarin Soyayyar Matasa Da Halittun Tatsuniyar Japan

'Yar uwa marubuciya, in dai kallon anime, wato katun ɗin Japan, ya sa miki sha'awar rubuta labarin budurwa 'yar makaranta da ta faɗa son wata halitta wadda ba mutum ba a ƙasar Japan, toh bismillah, amma don Allah kar ki ɗauko aljanin da muka saba gani a littattafanmu na Wattpad da na guruf ɗin WhatsApp ki saka masa kimono kice shikenan. Halittunsu suna da nasu ƙa'idoji, kuma daɗin labarin a cikin ƙa'idojin nan yake.

Abu na farko, ki zaɓi halitta ɗaya tak ki santa ciki da bai. Ni dai kitsune nake ba wa sabon marubuci shawara, wato dilar nan mai rikiɗa ta zama mutum, wadda wutsiyarta ke ƙaruwa da yawan shekaru har ta kai 9. A imaninsu na Shinto farar dila 'yar aiken Inari ce, abin bautarsu na shinkafa da albarkar noma, kuma ance tana mutuwar son aburaage, soyayyen awara da ake yankawa siriri. Kinga kenan in saurayin ajin budurwar kullum shi yake ci, karnuka na ganinsa su hau haushi, inuwarsa a ruwa kuma ba ta yi kama da ta mutum ba, kin gaya wa mai karatu komai ba tare da kin buɗe baki ba. Akwai yuki-onna matar ƙanƙara, akwai tengu, halittar kan duwatsu mai fukafukai da dogon hanci, amma ki barsu sai littafi na gaba.

Na biyu kuma shi ne ƙashin bayan aikin, ki kafa sharaɗi. Tsofaffin labaransu na soyayya kusan duk a kan wani hani suke tafiya. A Kojiki, tsohon littafin tatsuniyoyi da tarihinsu da aka kammala a shekarar 712, abin bautarsu Izanagi ya bi matarsa Izanami har ƙasar matattu, tace masa kar ya kalleta, ya kasa haƙuri ya kunna wuta ya kalla, rabuwarsu kenan har abada. Matar ƙanƙara ta bar wani saurayi da ransa bisa alƙawarin ba zai taɓa faɗa wa kowa ya ganta ba, daga baya ta zo a siffar mutum ta aure shi suka haihu, ranar da bakinsa ya suɓuce ya bata labarin a ranar ta ɓace. Ita ma Kuzunoha dila ce da ta auri mutum, da ɗanta ya ga ainihinta dole ta koma dajin Shinoda ta bar musu baitin waƙa na bankwana. Toh ke ma ki zauna tun kafin ki rubuta shafin farko ki yanke: mene ne abin da aka hana, waye zai karya, kuma me za'a rasa in an karya? Ki sa dalilin karyawar ya zama so ne ko tsoro ko kishi, abin da mai karatu zai ce wallahi nima da haka zan yi. In aka karya sharaɗi kuma babu abin da ya faru, labarin ya mutu a nan.

Sai wuri da lokaci. Shekarar karatu a Japan a watan Afrilu take farawa lokacin furen sakura (itacen ceri), babbar sakandare shekara 3 ce, 'yan 15 zuwa 18, kuma ɗalibai na cire takalmin waje su saka na ciki a bakin ƙofa, akwatin takalman nan wuri ne mai kyau na ajiye wasiƙa. Ki jera babi-babi a kan bukukuwansu, Tanabata ranar 7 ga Yuli da ake tuna masoya biyu na sama da basa haɗuwa sai sau ɗaya a shekara, sai Obon a tsakiyar Agusta da suka yi imanin ruhin magabata na dawowa gida. In kitsune kika ɗauka ki kai su Fushimi Inari, wurin bautar Inari a birnin Kyoto, inda dubban jajayen ƙofofin torii suka yi layi har kan dutse, ki nemi bidiyon wurin a YouTube ki kalla da kyau, yadda ake wanke hannu kafin shiga, yadda hasken yamma ke ratsowa ta tsakanin ginshiƙai.

Na huɗu, soyayyar ta tafi a hankali. A can ɗalibai da sunan dangi suke kiran juna, su ƙara san ko kun, wanda yake ajin gaba da naka kuma senpai ne, don haka ranar da ya fara kiranta da sunanta na yanka babi guda ce cur, ki bata haƙƙinta. Lema ɗaya su biyu a cikin ruwan sama, furta so baki da baki a bayan aji, maɓalli na biyu na rigar makaranta da saurayi ke ba budurwa ranar yaye ɗalibai, waɗannan sun isheki, dama matasa kike rubuta wa ba sai an kai ga batsa ba. Kuma ki kula da shekarun halittar, in kin ce shekararsa 500 ita kuma 16 abin baya daɗin ji, gara ki sa shi ma matashi ne a cikin danginsa mai wutsiya ɗaya, yana koyon rikiɗa yana kuskure.

Kalmomin Japananci kar su wuce kima, biyar ko shida da kika tabbatar da ma'anarsu sun wadatar, sauran a yi su da Hausa tsantsa. Shinto kuma addinin mutane ne da har gobe suna yinsa, ki kawo shi a matsayin abin da mutanen labarin suka yi imani da shi, banda izgili.

Ƙarshen labarin ki rubuta shi tun da wuri ki ajiye a gefe. In zasu rabu, su rabu saboda sharaɗin da kika kafa, in kuma kina so su kasance tare to wani ya biya, ko shi ya rasa wutsiyarsa da tsawon ransa, ko ita ta manta da duk wanda ta sani a duniyar mutane. Daga nan ki koma babi na ɗaya ki dasa alamar wannan farashin tun a haɗuwarsu ta farko.