Yadda ake neman taimako wajen shirya takardar wakilci mai ɗorewa a Ingila da Wales

Da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a Landan ko Manchester ko Birmingham suna ɗauka cewa idan maigida ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon mantuwa ya kama shi, uwargida ko babban ɗa ne zai karɓi ragamar al'amuransa, kamar yadda aka saba a gida. Dokar Ingila ba haka ta tanada ba. Aure ko haihuwa kaɗai ba ya ba kowa ikon taɓa asusun bankin wani, ko sayar da gidansa, ko yanke hukunci kan maganin da za a yi masa. Abin da ke ba da wannan iko shi ne takardar wakilci mai ɗorewa, wadda ake taƙaita sunanta da LPA. Ta samo asali ne daga dokar kare masu raunin hankali ta 2005, aka kuma fara aiki da ita ranar 1 ga Oktoba, 2007. A Ingila da Wales take aiki, domin Scotland da Ireland ta Arewa kowace da nata tsarin.

Sharaɗi mafi girma shi ne mutum ya kai shekara 18, kuma ya rubuta ta tun hankalinsa na tare da shi. Idan aka yi jinkiri har ya daina fahimtar abin da yake sa wa hannu, ƙofar ta rufe, sai dai iyali su nemi kotun da ake kira Court of Protection ta naɗa masa mai kula, hanyar da ta fi tsada, take cin watanni, kuma take zuwa da rahoton shekara-shekara da kuɗin sa ido. Saboda haka, a ganina, ɗa ko 'yar da ta lura mahaifi ya fara yawan mantuwa bai kamata kunya ta hana ta tayar da maganar ba, cikin ladabi.

Takardar iri biyu ce. Ta farko ta shafi dukiya da kuɗi, wato asusun banki da fansho da biyan kuɗin wuta da haya da sayar da gida, fom ɗinta kuma shi ne LP1F. Ta biyu ta shafi lafiya da kulawa, wato magani da abinci da inda mutum zai zauna, fom ɗinta LP1H. Ta kuɗi ana iya fara aiki da ita da zarar an yi mata rajista, in mai ita ya amince da hakan, amma ta lafiya ba ta fara aiki sai ranar da ya kasa yanke hukunci da kansa. Mutum na iya yin ɗaya ko duka biyun.

Ba dole ba ne a ɗauki lauya. Ofishin gwamnati mai yi wa waɗannan takardu rajista, wato Office of the Public Guardian ko OPG, ya tanadi hanyar cike fom a shafin gov.uk, wadda ke bi da mutum tambaya bayan tambaya, tana kuma hana shi tsallake wasu guraben. Akwai littafin jagora mai lamba LP12, kuma ma'aikatan ofishin suna amsa waya su yi bayanin fom, sai dai ba sa ba da shawarar shari'a. Ƙungiyoyi irin su Citizens Advice da Age UK da Alzheimer's Society suna ba da bayani kyauta. Wanda dukiyarsa gida ɗaya ce da asusu ɗaya ko biyu, kuma kan iyalinsa a haɗe yake, wannan taimako yakan wadatar da shi. Amma ya fi kyau a ɗauki lauya idan akwai kasuwanci, ko 'ya'ya 'yan uba da ba sa jituwa, ko kuma likita ya riga ya tabbatar da ciwon mantuwa, domin a nan ne wani zai iya tasowa daga baya ya ce an sa tsoho ya sa hannu bai san abin da yake yi ba. A nemi lauyan da ke ƙarƙashin hukumar kula da lauyoyi ta SRA, a kuma tambayi jimillar kuɗin aikin a rubuce tun kafin a fara.

Zaɓen wakili ne ya fi buƙatar natsuwa. Dole ya kai shekara 18, kuma a ɓangaren kuɗi ba a yarda da wanda aka ayyana a matsayin wanda ya karye da bashi ba. Girman shekaru ba shi ne ma'auni ba; amana da iya riƙe lissafi da kusanci da inda mai bayarwa, wato mai takardar, yake zaune su ne abin dubawa, ko da hakan na nufin a tsallake babban wa da ke Kano a ɗauki ƙanwa da ke Leeds. Idan wakilan sun wuce ɗaya, fom zai tambaya ko dole su yanke kowane hukunci tare, ko kuwa kowannensu na iya aiki shi kaɗai. Iyaye sukan zaɓi na farko don kada wani ɗa ya ji an ware shi, amma akwai haɗari a ciki: idan ɗaya ya rasu ko ya janye, sauran ba za su iya ci gaba ba, takardar na iya faɗuwa gaba ɗaya idan ba a ambaci wakilin maye gurbi ba. Lallai a cike gurbin mai maye gurbin.

Bayan wakilai akwai mai ba da shaidar fahimta, wanda zai tabbatar cewa mai bayarwa ya gane abin da yake yi kuma ba tilasta masa aka yi ba. Zai iya zama wanda ya san shi sosai na aƙalla shekara 2, ko ƙwararre kamar likita ko lauya ko ma'aikacin jin daɗin jama'a. Ba zai zama ɗan gidan mai bayarwa ba, ko ɗaya daga cikin wakilan ko danginsu. Ga tsohon da Turancinsa bai yi ƙarfi ba, ya fi kyau a samu mai shaidar da ke jin Hausa, ko tafintan da ba shi da wata riba a lamarin, su zauna da shi ba tare da wakilan suna ɗakin ba. Mai taimako aikinsa ya karanta ya fassara ya rubuta abin da aka faɗa masa. Zaɓi kuwa na mai takardar ne.

Fom ɗin yana da gurbin buri da gurbin umarni. Buri shawara ce da wakili zai yi la'akari da ita, umarni kuwa dole ne ya bi. A nan ne Musulmi zai rubuta cewa yana son abincin halal, da taimako wajen alwala da salla, da mai jinya jinsinsa idan da hali. Fom ɗin lafiya yana kuma tambaya ko wakili zai sami ikon amincewa ko ƙin maganin da ke riƙe rai, tambayar da ya dace a tattauna da iyali da likita da malamin da aka yarda da shi kafin a amsa. Batun zakka da kuɗin da ake aika wa dangi a gida yana buƙatar taka-tsantsan, domin doka ta taƙaita kyautar da wakili zai iya yi daga dukiyar mai bayarwa zuwa ta lokutan al'ada kamar biki ko Salla, da ƙungiyoyin agajin da ya saba ba wa, gwargwadon ƙarfin dukiyar. Umarnin da ya wuce wannan iyaka na iya jawo a nemi kotu ta soke shi, rajista ta makale. Rubuta umarni kan wannan batu kaɗai ya cancanci kuɗin lauya.

Ko da an cike a intanet, sai an buga takardar an sa hannu da biro, kuma bisa jeri: mai bayarwa da farko a gaban mai shaidar sa hannu, sannan mai ba da shaidar fahimta, sannan wakilai, su ma a gaban shaida. Wakili ba zai zama shaidar sa hannun mai bayarwa ba. Saɓa wannan jeri, ko kwanan wata da ya ci karo da juna, ko shafe kuskure da farin ruwan gyara, suna cikin abubuwan da ke sa a dawo da takarda.

Kuɗin rajista fam 92 ne ga kowace takarda tun daga Nuwamba 2025. Wanda kuɗin shigarsa bai kai fam 12,000 a shekara ba yana iya neman ragin rabi, masu karɓar wasu tallafin gwamnati kuma ana iya yafe musu, duka ta fom LPA120. Ana iya ambata mutane har 5 da za a sanar da su, doka kuma ta ajiye mako 4 na jira don mai ƙorafi, rajistar gaba ɗaya takan ɗauki mako 8 zuwa 10 idan babu kuskure. A yi rajistar nan take, kada a ajiye fom a akwati sai ranar buƙata, domin kuskuren da aka gano bayan hankali ya gushe ba ya gyaruwa.

Bayan rajista a sanar da banki da likitan iyali. Mai bayarwa na iya soke takardar muddin hankalinsa na nan. Gida ko fili da ke Najeriya ko Nijar a nemi lauyan can a kansa, domin ba lallai ne hukumomin can su karɓi takardar Ingila ba. Ikon wakili yana ƙarewa ranar da mai bayarwa ya rasu, don haka rabon gado sai an tanadar masa wasiyya dabam.