Kurakuran da Ƙasashe Masu Tasowa Ke Maimaitawa Kan Harajin Kamfanonin Ƙetare

Babban kamfanin ƙetare ba yawan haraji ne ke fara tayar masa da hankali ba, rashin sanin abin da za a caje shi baɗi ne. Na gaji da ganin sababbin jami'an haraji suna ɗaukar wannan da wasa, shi ya sa na rubuta.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne gyara doka a ce ta fara aiki tun baya. A Janairun 2012 Kotun Ƙolin Indiya ta ba kamfanin sadarwa na Vodafone gaskiya a rikicin haraji kan cinikin hannun jarin kamfanin Hutchison da ya yi a 2007. Gwamnati ta ƙi haƙura, ta gyara doka a shekarar, ta ce gyaran ya hau kan duk ciniki irinsa tun 1962. A 2020 kotun sulhu da ke Hague ta ba Vodafone nasara, kamfanin mai na Cairn Energy, wanda dokar ta shafa, shi ma ya ci tasa shari'ar, aka ce a biya shi kusan dala biliyan 1.2. A 2021 Indiya ta janye dokar da kanta. Shekara tara ana shari'a, masu zuba jari suna kallo. Idan doka ta bar kafa, a toshe ta daga yau zuwa gaba, abin da ya wuce a bar shi.

Ƙanin wannan kuskure shi ne amsa da baki. A wani ofishi da na yi aiki, wani babba ya shaida wa akantan wani kamfani a waya cewa kuɗin da suke tura wa uwar kamfaninsu na aikin fasaha ba za a cire masa haraji ba. Aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya aika takardar bin bashi har da tara. Mu ƙananan ma'aikata muka yi ta tonon fayil muna neman shaidar da babu ita. Haba jama'a! Tun lokacin ba na barin amsa ta fita sai a rubuce, da lamba da kwanan wata da sa hannu, kuma ina so a wallafa ta bayan an cire sunan kamfanin, domin na gaba ya san matsayinmu. Wasu na cewa hakan ɗaure kai ne. Na yarda, kuma ɗaurin nake so.

Sai sa hannu a yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu ba tare da lissafi ba, don kawai shugaba ya kai ziyara. Mongoliya ta soke nata da Holan da Luxembourg, Senegal da Zambiya sun soke nasu da Mauritius. Kafin alƙalami ya taɓa takarda a lissafa abin da za a rasa kan ribar hannun jari da kuɗin ruwa da kuɗin haƙƙin mallaka.

Wanda ya riga ya sa hannu kuwa, ya karanta sashe na 25 na samfurin yarjejeniyar da OECD (ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki) ta tsara, da na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda hukumomin ƙasashen biyu ke zama su sasanta rikici. Shirin BEPS na 2015, wato shirin OECD na hana kamfanoni karkatar da riba don guje wa haraji, ya sa burin kammala irin wannan ƙara cikin wata 24. Amma ka tarar babu ko adireshin da kamfani zai kai kokensa, ko kuma wanda ya yi binciken shi ne mai sasancin. A raba su.

Hutun haraji ga kamfanin da cinikinsa na shekara ya kai Yuro miliyan 750 yanzu kan iya zama kyauta ga wata ƙasa: idan bai biya kashi 15 cikin ɗari a wurinka ba, wata da ta aiwatar da tsarin mafi ƙarancin haraji na duniya tana iya karɓar cikon.

Kada a kwafo dokar farashin da rassan kamfani ɗaya ke sayar wa junansu alhali babu ƙwararrun da za su bi ta. A nemi taimakon ATAF, dandalin hukumomin haraji na Afirka, a horar da mutane, sannan a fara yarjejeniyar tsayar da farashi tun gaba da kamfani ɗaya ko biyu mafiya girma.