Yadda Za Ka Kare Lokacin Aikinka Idan Kana Aiki Daga Gida a Jidda

Shekara huɗu ke nan ina aikin fassara ta intanet daga ɗakina a Jidda, kuma na ga samari da dama, 'ya'yan Hausawan nan da waɗanda suka zo daga gida, sun sami irin wannan aiki ya kuɓuce musu cikin 'yan watanni. Sun iya aikin sarai. Wuni ne yake ƙarewa ba su sami awa biyu cur a gaban kwamfuta ba. Zancen teburi da kujera ba zan yi shi ba, kowa ya san wannan.

Fara da agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2, tana gaban Landan da awa 3 a lokacin sanyi, 2 a bazara. Wato sa'ad da ake buɗe ofis ƙarfe 8 a Kano, nan 10 ta yi. Daga sallar asuba zuwa 10 babu mai nemanka, don haka aikin da ya fi cin ƙwaƙwalwa a nan za ka sa shi, kada ka buɗe imel ko sau ɗaya. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Sai dai Jidda garin dare ce, in ka biye wa hira har ƙarfe 1, ka riga ka sayar da safiyarka.

Sai waya. Ka bar ta a falo, a kife. In dole ta zauna kusa, kunna Focus na iPhone, mai hana kira da saƙo damun ka, ko makamancinsa a Android, ka bar lambar iyaye da ta mai ɗakinka kawai su shigo. Kada ka ɓata riyal ɗinka kan na'urar toshe kunne mai tsada, rufe ƙofa ya fi ta aiki.

Yanzu ga inda ni na faɗi: baƙi. Duk Bahaushen da ke zaune a Jidda ko Makka ya san lambarsa tana yawo a hannun mutanen garinsu. Wannan ya sauka Umra yana so a tarbe shi a filin jirgin Sarki Abdul'aziz, wancan an ba shi saƙo, Hajiya kuma tana so a raka ta Balad, tsohuwar unguwar kasuwannin Jidda, sayen zinariya da jallabiya. An ce baƙo raɓa ne, amma a nan kafin wannan ya tafi wani ya sauka. Wani watan Sha'aban na yi kwana tara ina wannan zirga-zirga, na makara da aiki sau biyu, kamfanin da nake wa fassara ya daina turo mini komai. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin kuɗin makarantar yara ne ya tafi.

Abin da na koya shi ne ka riga baƙo magana. Da ka ji wani zai taso, ka tura masa murya tun yana gida: "Kawu, Allah Ya kawo ku lafiya. Ina wurin aiki har azahar, in sha Allahu bayan la'asar ina tafe." Ba ƙarya ka yi ba, ɗakin nan wurin aiki ne. Ka kuma roƙi mutanen gida su daina cewa "yana ciki", su ce "yana aiki". "Yana ciki" a kunnen Bahaushe izinin shigowa ne. Mai ƙarfi a jika ka kwatanta masa jirgin ƙasan Haramain, yana da tasha a filin jirgin kansa, ya kai shi Makka. Tsoho ko mara lafiya kuwa ka je da kanka, wannan ba abin ciniki ba ne, ka rama aikin da dare. Rakiyar kasuwa duk ka tara ta ranar Asabar. Za a ɗan yi gunaguni a farko, daga baya su da kansu za su riƙa ce wa na baya kada a kira ka da safe.

Ka lura da Lahadi. Tun 2013 hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, yara suna makaranta ranar Lahadi alhali ofisoshin Turai da Najeriya a rufe suke. Babban aikin mako ranar nake yinsa. Juma'a kuwa su suna aiki, saboda haka ka gaya musu tun ranar farko cewa ba ka samuwa sai bayan an sauko daga masallaci.

Taron bidiyo ka tura shi bayan azahar. Tsarin nan na Pomodoro, wato yin aiki minti 25 a ɗan huta, bai yi mini ba, hankali yana fara zama ke nan agogo ya buga. Yi minti 90 ka tashi ka sha shayi. Kafin ka kwanta ka rubuta abu ɗaya da za ka fara da shi gobe, a takarda, ka ɗora kan kwamfutar. Da azumi kuwa jadawalin duk yakan juye, ni bayan sahur nake zama har hantsi.