Yadda na gano tarihin MOT na tsohuwar Land Rover Defender a Ingila

Ina son in san tarihin wata tsohuwar Defender. Matsalar ita ce mai motar ya ce takardun gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota da ake yi duk shekara a Birtaniya, sun ɓace. Ashe ba a ma buƙatarsu. Na shiga shafin gwamnatin Birtaniya na duba tarihin MOT, na sa lambar motar, sai ga sakamakon gwaje-gwajenta kyauta. Bayanan shafin suna komawa baya har 2005.

Na fara da mil ɗin da aka rubuta a kowane gwaji. Dole adadin ya riƙa hawa. In ya sauka, ko an taɓa agogon mil ɗin ko an canza shi, sai mai motar ya yi bayani.

Inda aikin yake shi ne gargaɗin da mai gwaji ke rubutawa ko da motar ta ci gwajin. Ciwon Defender tsatsar shasi ce, musamman ƙarfen da ya gicciye ta baya, saboda laka da gishirin da ake zuba wa titi lokacin sanyi suna maƙalewa a ciki. Tsatsar da ta raunana ƙarfe cikin santimita 30 daga mariƙin sitiyari, birki ko bel ɗin kujera tana kayar da mota a gwajin. Idan gargaɗin tsatsa ya yi ta maimaituwa, sannan ya ɓace rana ɗaya, shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Baƙin fenti sabo fil a wurin, ni ban yarda da shi ba.

MOT ba ya duba lafiyar inji, kuloci da giyabos; waɗannan sai bakanike.